Wayar tamu ce, amma makullinta yana hannun wa?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni mai gyaran waya da kwamfuta ne a Birnin Kebbi, na haura shekara goma ina wannan sana'a, kuma ba na barin shafinku na kimiyya da fasaha ya wuce ni. Kuna kawo mana labarin sabuwar waya, da kyan kyamararta, da daɗewar batirinta, da kuɗinta a kasuwa. Abin da nake ta jira ban gani ba shi ne bayanin wanda yake da iko da wayar bayan mutum ya biya kuɗinsa ya jefa ta aljihu.

Kwanakin baya wata malamar firamare ta shigo shagona da rana tsaka, idanunta sun yi jawur. Ta miƙo mini waya ta ce, "Malam, don Allah duba min wagga waya. Mi niy yi musu da za su tozarta ni haka?" Ashe rance ta karɓa, kuɗi kaɗan, daga wata manhajar ba da bashi da aka turo mata, don ta saya wa ɗanta magani kafin albashi ya shigo. Kwana bakwai aka ba ta. Da ta ƙara kwana biyu ba ta biya ba, sai saƙo ya fara faɗawa wayoyin mutanenta: surukarta, shugaban makarantarsu, matar limamin unguwa, iyayen ɗalibanta. Ga hotonta, ga sunanta, an rubuta wai macuciya ce, kowa ya guje ta. Na ce, "Malama, ranar da aka saka miki manhajar, ba ta tambaye ki komai ba?" Ta ce ta ga rubutun Turanci ya fito sau uku ko huɗu, yaron da ya saka mata yana dannawa yana wucewa. To wannan dannawar ce ta miƙa musu lambar duk wanda ta sani, da hotunanta, da saƙonninta. Na goge manhajar, amma ban ɓoye mata gaskiya ba: abin da suka kwasa ya riga ya bar wayar, yana cikin wata kwamfuta da ni da ita ba mu san ƙasar da take ba. Ta daɗe zaune a kan benci ba ta ce uffan ba, ni ma na rasa abin da zan ƙara mata.

Hukuma dai ta taɓuka. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu masu irin wannan rance a Legas. Daga ƙarshen watan Mayu na 2023 kuma Google ya hana manhajojin rance da ke rumbunsa na sauke manhaja, wato Play Store, taɓa lambobi da hotunan mutane. A watan Yuni na shekarar aka sa hannu a dokar kare bayanai ta ƙasa, wadda ta kafa hukuma ta musamman don wannan aiki. Tun kafin duk wannan ma, sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya ba ɗan ƙasa kariya a sirrinsa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. Sai dai malamar nan ba ta taɓa jin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma manhajar da ta cuce ta ba daga rumbun Google ta fito ba, daga hannu zuwa hannu ta yi ta yawo har ta iso ta.

Edita, mu mutane ne masu zaure. Baƙo ba ya wuce zaure sai an yi masa iso, ko ɗan'uwa ne sai ya yi sallama ya jira a amsa. Suratun Nur ta hana shiga gidan wani ba da izini ba, Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, kuma tun muna yara ake koya mana cewa idan ka yi sallama sau uku ba a amsa ba, ka juya. Yau abin da ke cikin wayar magidanci ya fi abin da ke cikin ɗakinsa: hoton iyalinsa ba mayafi, saƙon banki mai nuna abin da ya rage masa, maganarsa da likita, rigimar gado tsakaninsa da 'yan'uwa, da duk inda ya taka tun safe har dare. Amma manhajar fitila, wadda aikinta kawai ta haska, sai ta nemi izinin ganin lambobinsa da inda yake tsaye, ya danna mata ba tare da ya tsaya ya tambayi me ya haɗa fitila da lambar matarsa ba.

Idan na yi wa masu zuwa shagona wannan magana, amsar da na fi ji ita ce, "Ni ba ni da abin ɓoyewa." Nakan ce, Alhaji, to ba ni wayar a buɗe in wuni da ita. Ba wanda ya taɓa yarda. Rufin asiri ba na mai laifi ba ne, shi ne abin da kowannenmu yake roƙon Allah kullum. Kuma a wannan yanki namu, daga Zuru zuwa maƙwabtanmu na Zamfara, kowa ya san abin da ke iya biyo baya idan labarin wanda ya sayar da buhunan shinkafa ko ya karɓi kuɗin shanu ya faɗa kunnen da bai kamata ba.

Manyan kamfanoni ba sa aika wa surukar mutum zagi, amma su ma kwasa suke yi, a natse, dare da rana. Facebook da WhatsApp da Gmail ba ma biyan ko kwabo, kuma ba sadaka suke yi ba. Sanin halinmu, da abin da muke so, da waɗanda muke hulɗa da su, shi ne hajar da ake tallata wa masu talla. A watan Yuli na 2024 FCCPC ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 kan yadda ya yi da bayanan 'yan Najeriya, kuma kotun sauraron ƙorafi ta tabbatar da hukuncin a watan Afrilu na 2025. Labarin ya zo ya wuce kamar ba da mu ake ba.

Abin da ya sa duk wannan yake yiwuwa shi ne manhajar a rufe take. Kowace manhaja tana da asalin rubutu, wato umarnin da masu ƙirƙira suka tsara layi bayan layi. Kamfani ya ɓoye wannan rubutun, ya ba ka abin da na'ura kaɗai ke iya karantawa, sannan ya sa ka amince da sharaɗin cewa ba za ka buɗe ba, ba za ka canza ba, ba za ka ba wani ba. Ni da nake gyara, zan iya canza gilashi, in canza wurin caji, in yi wa waya filashin. Amma in ka tambaye ni me wata manhaja take aikawa da tsakar dare kana barci, sai dai in yi hasashe. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A nan an hana mai ɗakin ya ɗaga kai ya dubi rufin.

Akwai wata hanya, kuma ta girmi yawancin masu riƙe da waya a yau. A 1983 wani masanin kwamfuta a Amurka, Richard Stallman, ya fara aikin da ya kira GNU, bisa ra'ayin cewa mai amfani da manhaja yana da haƙƙin ya yi aikin da ya ga dama da ita, ya karanta asalin rubutunta ya gyara, ya kwafa ya ba maƙwabcinsa, ya kuma yaɗa gyaran da ya yi. A 1991 wani ɗalibi a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta Linux, aka haɗa shi da kayan GNU aka sami cikakken tsarin tafiyar da kwamfuta. A Turanci kalma ɗaya ce, "free", ke ɗaukar ma'anar kyauta da ta 'yanci, har yau suna fama da bayani. Mu Hausa ta raba mana gardama. Facebook kyauta ne, amma ba 'yanci a cikinsa. Abin da nake magana a kai manhaja ce mai 'yanci, ko an saye ta da kuɗi ko an samu a banza.

Ranar da na fara fahimtar wannan tsari, Gwandu ce ta faɗo mini a rai. Rubuce-rubucen Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da sauran malaman zamaninsa ba da injin buga littafi suka kai Ilori da Adamawa ba. Almajiri ne zai zauna da alƙalami da tawada ya kwafe littafin malaminsa, malami ya duba ya gyara masa kuskure, wani ya zo ya ƙara sharhi a gefen takarda, na bayansa ya kwafa har da sharhin. Ba wanda ya ce karantawa laifi ne, ko kwafa sata ce. Kuma da yake idanu da yawa suna bin rubutu ɗaya, wanda ya so cusa abin da ba ya ciki, asirinsa ba ya daɗewa. Haka manhaja mai 'yanci take. Ba sai malamar firamare ta iya karanta rubutun ba. Ya isa a ce dubban masu iyawa a ƙasashe daban-daban suna iya dubawa, kuma idan sun ga ɓarna ba mai hana su faɗa ko su cire ta.

Da yawa muna amfani da irin waɗannan ba mu sani ba. VLC da ake kallon bidiyo da shi a kusan kowace kwamfuta a garin nan mai 'yanci ne. Haka Firefox na shiga intanet, da LibreOffice da ke aikin rubutu da lissafi, da Signal na aika saƙo. Android ɗin da ke cikin Tecno da Infinix da itel ɗinmu ma a kan Linux aka gina shi, sai dai an ɗora masa kayan Google da na kamfanin wayar, waɗanda suke a rufe, wasunsu ma ba sa goguwa ko ka so. Akwai kuma rumbu mai suna F-Droid, tun 2010, wanda manhajoji masu 'yanci kaɗai yake ɗauka, kuma idan wata tana da talla ko tana bibiyar mutum, sai ya rubuta gargaɗi a jikinta kafin ka sauke.

Inda abin ya fi damuna shi ne makarantu. Ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ya daina ba tsarinsa na tafiyar da kwamfuta, Windows 10, kulawar da ya saba, kuma yawancin kwamfutocin hannu da ake kawo mana ba su cika sharaɗin ɗaukar Windows 11 ba. Abin da aka saba yi shi ne a nemo na bogi a saka, wanda ba a san wanda ya fasa shi ba, ba a san abin da ya cusa a ciki ba, sannan a zuba sakamakon jarrabawar yara da sunayen iyayensu a kai. Na saka wa tsofaffin kwamfutoci da yawa, waɗanda masu su suka fitar da rai da su, Linux Mint da Ubuntu, wato nau'o'in Linux, suka tashi suna aiki sumul, ba satar lasisi, ba fargaba. Yaron da ya koyi kwamfuta a kan abin da aka yarda ya buɗe cikinsa ya gani, shi ne gobe zai ƙera nasa.

Ba zan ce hanyar ba ƙaya. Manhajar banki a rufe take, kuma ba makawa sai da ita. Dangi da abokan ciniki duk suna WhatsApp, wanda ya koma Signal shi kaɗai zai yi ta magana da kansa. Tsare-tsaren Android masu 'yanci irin su LineageOS ba su cika hawa wayoyin da talaka ke iya saya a nan ba. Wani injin buga takarda ma sai an sha wuya kafin ya yarda da Linux. Amma wanda bai iya rufe gida duka ba, ai ba zai cire ƙyauren ɗakin kwanansa ya jefar ba. Kowa zai iya shiga saitin wayarsa ya ga wace manhaja ce ke da izinin kyamara, da makirfo, da lambobi, da wurin da yake, ya ƙwace daga wadda ba ruwanta. Kowa zai iya daina saka WhatsApp ɗin bogi da matasa ke tura wa juna don yana ɓoye alamar an karanta saƙo, alhali ba wanda ya san hannun da saƙon yake bi.

Mu ma masu sana'a da namu laifin. Mutum zai zo a buɗe masa Gmail, yaron shago ya zaɓa masa lambar sirri, ya rubuta a littafinsa, mai wayar ya tafi bai ma san yana da ita ba. Mace za ta kawo gyaran wurin caji a ce sai ta faɗi lambar buɗe waya, alhali gyaran bai buƙaci haka ba. Na san akwai masu buɗe hotunan mutane suna kallo, har su tura wa kansu. Wannan cin amana ne, kuma ina kira ga shugabannin ƙungiyoyinmu na masu gyara, daga Birnin Kebbi zuwa Jega da Argungu da Yawuri, su sa doka a kai, su kuma hukunta wanda aka kama.

Ga ɗalibanmu masu karatun kwamfuta a jami'ar Aliero, da jami'ar tarayya da ke Kalgo, da kwalejin Waziri Umaru, ga aiki yana jiranku. Manhaja mai 'yanci ba sai an nemi izinin kowa kafin a fassara ta ba. Da malamai za su karɓi fassara manhaja ɗaya zuwa Hausa a matsayin aikin kammala karatu, da cikin 'yan shekaru iyayenmu sun daina danna abin da ba su fahimta ba.

Kai kuma Edita, roƙona gare ka ƙarami ne. A shafin nan naku na fasaha, ku ɗauki hoton tambayoyin izinin da waya ke yi da Turanci, ɗaya bayan ɗaya, ku buga da fassarar Hausa a ƙarƙashi, ku faɗi abin da mutum yake bayarwa idan ya amince da abin da zai faru idan ya ƙi. Ku kuma buga yadda ake kai ƙara hukumar kare bayanai, da Hausa, mataki-mataki. Malamar nan ta dawo shagona bayan mako biyu, ta biya bashin, ta ce in nuna mata wurin izinin da kaina don ta koya wa sauran malaman makarantarsu. Na zana mata a bayan takardar rasit. Idan kuka buga naku, zan yanke shafin in manna a ƙofar shago, in kuma kai mata kwafi.

Na gode.

Naku,
Mai gyaran waya da kwamfuta,
Birnin Kebbi, Jihar Kebbi.