Amsa ga Malamin da Ya Ga Kuskure a Allunan Zanen Japan

Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ji tambayar da ka yi mini a filin masu sauraro na rediyo, inda ka ce ka ga hoton wani tsohon allon ninki na Japan, wanda suke kira byobu, an zana furannin farkon shekara da ƙanƙarar hunturu a fili ɗaya, kake son sanin ko mai zanen bai san lokutan ƙasarsa ba ne.

Ya san su sarai. Irin waɗannan alluna galibi biyu-biyu ake yin su, kowanne da fallaye shida, kuma daga dama ake fara kallonsu zuwa hagu, yadda muke karanta ajami. A fallayen dama za ka tarar da furen ume ko sakura da tsattsewa, alamar sanyi ya janye. Sai furannin bakin ruwa na lokacin zafi. Sai kaka ta shigo da furen kiku da jajayen ganye da garken dinya masu ƙaura. A ƙarshen hagu kuma ƙanƙara ta danne reshe, balbela ko agwagwar ruwa tana takure. Gizagizan zinariya da ke ratsa tsakani su ne ke raba wannan lokaci da wancan, don kada ido ya ji an yi masa tsalle.

Abin da ya ba da damar haka shi ne ɗaurin takarda da aka soma haɗa fallayen da shi a wajajen ƙarni na 14. Kafin nan kowane falle da iyakarsa ta ƙyalle, amma daga baya sai reshe guda ya iya miƙewa ya ƙetare fallaye uku ko huɗu ba tare da ya yanke ba. Masu zanen gidan Kano, wata zuriyar masu zane ta Japan (ba Kano tamu ba), musamman Kano Eitoku (1543–1590), wanda ya yi wa shugaban yaƙi Oda Nobunaga aiki a fadar Azuchi, sun shahara da cika fili da ganyen zinariya, wato zinariyar da aka buga ta zama kamar takarda, wanda ke kama hasken kyandir a manyan ɗakuna masu duhu.

A ganina hoton ne ya rikita ka, domin ya shimfiɗe allon ya nuna maka shekarar gaba ɗaya a lokaci guda. A ɗaki kuwa a karkace yake tsayuwa, falle ya shiga falle ya fito, mai kallo yana zaune a kan tabarma, wani sashe yana ɓoyewa har sai ya gusa.

Ba duka ne ke ɗaukar shekara sukutum ba. Allunan furen kakitsubata na Ogata Korin (1658–1716) lokaci guda kawai suka kama, babu ko tsuntsu ɗaya a ciki, shuɗi da kore ne a kan zinariya. Gidan tarihi na Nezu da ke Tokyo kan fito da su daga tsakiyar Afrilu zuwa tsakiyar Mayu, daidai lokacin da furen ke buɗewa a lambun gidan.

Wassalam.