Kada a manta da jaruman farkon shekara idan lokacin Oscar ya zo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu in faɗi wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da fina-finan Amurka da yadda ake raba lambobin yabo ga 'yan wasa.

Ina da wani ƙaramin littafi da nake rubuta sunan duk ɗan wasan da ya taɓa mini zuciya, da watan da na kalli fim ɗin, da wurin da ya fi burge ni a ciki. Duk ƙarshen watan Yuni nakan buɗe in duba abin da rabin shekara ya tara, sannan in sake buɗewa a watan Janairu idan aka fitar da sunayen waɗanda za su yi takarar Oscar, babbar kyautar fina-finai ta Amurka. Abin da nake gani kusan kowace shekara shi ne, sunayen da ke shafukan farko sun ɓace, na shafukan ƙarshe ne ke cika jerin.

Ba a ɓoye dalilin yake ba. Ƙa'idar hukumar da ke ba da kyautar ita ce duk fim ɗin da aka nuna a sinima na tsawon kwana bakwai a Los Angeles ko wasu 'yan manyan biranen Amurka, tsakanin 1 ga Janairu da 31 ga Disamba, ya cancanci shiga. A takarda ke nan, fim ɗin Fabrairu da na Disamba duk ɗaya ne. Amma kamfanoni sun san halin ɗan Adam. Sukan ajiye fina-finan da suke sa wa rai sai ƙarshen Agusta da Satumba, su kai su bukukuwan fina-finai na Venice da Telluride da Toronto, su sake su a sinima daga Oktoba zuwa Disamba, sannan su zuba kuɗi wajen talla da liyafa da hira da 'yan jarida. Mai kaɗa ƙuri'a, wanda shi ma ɗan fim ne da aikinsa ya sha masa kai, yakan zaɓi fuskar da ya gani makon jiya. Wadda ya gani wata tara da suka wuce kuwa sai wanda ya tuna masa.

A watan Maris na 2019 na rubuta sunan Lupita Nyong'o saboda fim ɗin Us. Mutum biyu ta fito a ciki, uwa mai tsoron abin da ta baro a baya, da kuma wata mai kama da ita sak wadda ta taso a ƙarƙashin ƙasa. Muryar ta biyun a shaƙe take, tana fita da ƙyar kamar ana matse maƙogwaro, idonta ba ya ƙiftawa, tafiyarta ma daban. Na kalli wurin da su biyun suke zaune suna fuskantar juna a falo har sau uku, ban iya kama inda jaruma ɗaya ta nuna kanta a jikin mutum biyun ba. Ƙungiyar masu sharhin fim ta New York ta ba ta kyautar gwarzuwar shekara, ƙungiyar 'yan wasa ta Amurka ta sa ta a takara, amma da Janairun 2020 ya zo babu sunanta a Oscar. Ita ɗin ce kuma ta ci kyautar a 2014 da fim ɗin 12 Years a Slave, wanda ya bi ta Telluride da Toronto ya fito a watan Oktoba. Gwaninta ba ta ragu ba a cikin waɗannan shekaru, ƙaruwa ma ta yi. Watan fitowa ne ya bambanta, da kuma irin fim ɗin, domin masu zaɓen nan sun daɗe suna yi wa fim na ban tsoro kallon abin nishaɗin yara. Haka aka yi wa Toni Collette a Hereditary, wanda ya fito a Yunin 2018.

Na san za a ce mini akwai waɗanda suka tsallake. Gaskiya ne. The Silence of the Lambs ya fito a Fabrairun 1991, kuma fim ne mai tayar da hankali, amma Jodie Foster da Anthony Hopkins duk sun ci a 1992. Julia Roberts ta ci da fim ɗin da ya fito a Maris na 2000. Michelle Yeoh da Ke Huy Quan da Jamie Lee Curtis sun ci a 2023 da fim ɗin da ya fito tun Maris na 2022. Sai dai idan ka duba za ka ga kowannensu ya zama abin zance a gari tsawon watanni, har ba yadda za a yi a manta da shi. Ɗan wasan da ya yi aiki mai kyau a fim ɗin da bai yi irin wannan tashe ba, shi ne ke shan kaye.

Bana, wato 2025, shafina na Afrilu ya cika da fim ɗaya, Sinners na darakta Ryan Coogler. Labarin yana faruwa ne a jihar Mississippi a 1932, inda wasu tagwaye da suka yi Yaƙin Duniya na Ɗaya suka dawo gida daga Chicago don buɗe gidan rawa. Michael B. Jordan ne ya fito a tagwayen duka biyu, kuma kowa maganarsa yake yi, ya kuwa cancanta. An bambanta su da kalar tufafi, ɗaya shuɗi ɗaya ja, amma ko an cire wannan za ka gane su. Ɗaya ya haɗe rai, maganarsa a ƙirge, hannunsa na rawa saboda abin da ya gani a fagen daga, har ɗan'uwansa ne ke naɗe masa taba. Ɗayan kuma murmushi ba ya barin bakinsa, da harshe yake cin kasuwarsa. Har zuwa 2025 Jordan bai taɓa shiga takarar Oscar ba, ina kuma ganin wannan karon yana da ƙafar tsayawa, tunda fim ɗin ya samu karɓuwa sosai a sinima.

Amma wanda ya sa na ɗauki alƙalami shi ne dattijo Delroy Lindo. Ya fito a matsayin tsohon makaɗi da giya ta ci ƙarfinsa, mai yawan barkwanci. Akwai wani wuri a cikin mota, bayan sun wuce wasu fursunoni da ke aikin ƙarfi a bakin hanya, inda ya fara ba da labarin abokinsa da fararen fata suka kashe. Yana cikin magana sai kalmomi suka ƙare masa. Bai fashe da kuka ba, bai ɗaga murya ba. Sai ya shiga gunji a maƙoshi yana buga hannu, har gunjin ya rikiɗe ya zama waƙa. A wannan ɗan lokaci na fahimci inda kiɗan baƙaƙen fatar kudancin Amurka ya samo asali fiye da duk bayanin da na taɓa karantawa. Na daɗe zaune bayan an gama fim ɗin, wurin nan bai bar kaina ba.

An haifi Lindo a 1952, ya shafe shekaru da dama yana wannan sana'a, kuma har zuwa 2025 bai taɓa shiga takarar Oscar ba. A Yunin 2020 ya fito a Da 5 Bloods na Spike Lee, inda ya taka rawar tsohon sojan yaƙin Vietnam da ya fara zaucewa, yana kallon kyamara ido cikin ido yana magana shi kaɗai a daji. Masu sharhi na New York sun ba shi gwarzon shekara. Da aka zo fitar da sunaye, aka tsallake shi. Tsorona ke nan bana ma, domin rawar tasa ta mataimakin jarumi ce, gurabe biyar ne kacal, kuma daga Satumba za a yi ta kwararo manyan sunaye da kamfanoni masu kuɗi a bayansu. Haka nan Wunmi Mosaku, wadda ta fito a matar ɗaya daga cikin tagwayen, wadda suka rasa jaririyarsu. Yawancin aikinta da ido da shiru ta yi shi, irin aikin da ba ya shiga gajeren tallan da ake yankowa don jan hankalin masu zaɓe.

A watan Afrilun 2025 hukumar ta fito da sabuwar doka cewa dole mamba ya kalli duk fina-finan da ke takara a rukuni kafin ya kaɗa ƙuri'ar ƙarshe. Na yi murna da ita, amma ba ta kai inda ciwon yake ba. A zagayen farko ake zubar da mutane, lokacin da 'yan wasa 'yan'uwansu ke zaɓen biyar ɗin da za su shiga, kuma a nan ba wanda ke tilasta wa kowa ya waiwayi fim ɗin Afrilu.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne ku ware shafi a wannan wata ku rubuta 'yan wasan da suka yi fice daga Janairu zuwa Yuni, da bayanin abin da kowannensu ya yi a gaban kyamara, ba yawan kuɗin da fim ya tara kawai ba. Idan Disamba ta zo kuna sharhin shekara, ku sake buga wannan shafin kusa da sabbin sunaye, masu karatu su auna da kansu. A nawa littafin, sunan Delroy Lindo ne a sama, na kuma ja masa layi biyu.

Na gode.

Naku,
Mai karatunku na kullum