A Riƙa Tambayar Yara "Ta Yaya Ka Sani?"

Assalamu alaikum Edita,

A ba ni ɗan fili in yi tsokaci kan yadda ake karantar da yaranmu a firamare.

Kwanakin baya jikata 'yar aji biyar ta kawo mini aikin gida, wani ɗan rubutu a kan garinmu. Ta karance shi tsaf, ko tuntuɓe babu. Rubutun ya ce Jos na bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, shi ya sa muke da sanyi, kuma ana noman dankalin Turawa a Bokkos da Mangu. Na rufe littafin na ce, "To amarya, me ya sa Jos ta fi Kano sanyi?" Buɗar bakinta sai ta ce, "Saboda dankali mana, Kaka!"

Na yi dariya, amma abin ya tsaya mini a rai. Sanyi ne ya sa dankali ke yi, ita kuwa ta kifa zancen. Ban ga laifinta ba. Tambayoyin ƙasan shafin duk iri ɗaya ne: mita nawa, a wane gari. Yaro ya lalubo amsa da yatsa, ya kwafa, malam ya ba shi maki da jan biro. Ba wanda ya tsayar da shi a kan "saboda" da "don haka" da "idan", alhali su ne ke ɗaure magana.

Muka koma, jimla bayan jimla. Sai na ce mata Gembu da ke tsaunin Mambila ta fi Jos tudu, ina ne zai fi sanyi? Ta yi jim, ta ce Gembu. Na ce ta yaya kika sani? Ta ɗora yatsa a kan "shi ya sa". Minti goma bai cika ba.

Ba na ƙin tatsuniya, da ita muka tashi. Amma ina roƙon hukumar NERDC mai tsara manhaja, da SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta Filato, da manyan makarantun horar da malamai na Gindiri da Pankshin, su ba rubutun bayani muhimmanci. Abin rubutawa ga shi nan birjik: tafkunan da haƙar kuza ta bar mana, ko dalilin tsadar tumatir a kasuwar Farin Gada da damina. A rubuta da harshen da yaro ke ji, kuma a bar shi ya musa wa malam in yana da hujja.

Wassalam.

Tsohon malamin firamare,
Unguwar Rogo, Jos