Baƙar Wayar da Ta Yaudare Ni

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, na kuma ga ka ce kana shirin ɗaura fankar sama da hannunka. To, dakata ka ji abin da ya same ni makon jiya, kada ka faɗa ramin da na faɗa.

Kwan fitila ne a tsakiyar silin ɗakina, na ce bari in cire shi in sa fanka, makunnin bango ya ci gaba da aikinsa. Na kashe wuta daga bireka, na hau tsani, na kwance. Sai ga wayoyi shida ban da na at, wato wayoyin kariya masu zuwa ƙasa: ja uku, baƙi uku. Na ce ai wannan ba ya buƙatar mai gyara. Na haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, na ɗaura fanka a kansu, na sauko ina jin kaina gwani.

Ina mayar da wuta, fanka ta kama juyawa alhali makunni a kashe yake. Na danna makunnin in ga ikon Allah, sai ji na yi fau! Bireka ta faɗi, ɗakuna uku suka yi duhu. Uwargida ta leƙo ta ce, "Injiniya, an gama?" Ban tanka ba.

Sai da na zauna da takarda na zana hanyar wutar kafin na gane. Kebul uku ne suka haɗu a wurin. Ɗaya ya kawo wuta, ɗaya ya wuce da ita ɗaki na gaba, na ukun kuma ya gangara zuwa makunni. Jan wannan na ukun yana kai wuta ƙasa, baƙinsa yana dawo da ita sama idan an kunna. Wato baƙar nan ba nutiral (wayar da wuta ke komawa ta cikinta) ba ce ko kaɗan, mai wuta ce a cikin baƙar riga. Kamata ya yi wanda ya yi wayarin ya naɗa mata jan tef, bai yi ba. Ni kuwa da na cusa ta cikin nutiral, danna makunni ya zama haɗa laif, wato waya mai wuta, da nutiral kai tsaye. Fankar kuma na jingina ta da jajayen da ba sa rabuwa da wuta, shi ya sa ta ƙi jin maganar makunni.

Gano ta bai yi wuya ba. Na sake kashe bireka, na raba wayoyin, na sa mitar gwaji, mai ƙara idan layi ya haɗu, a kan ja da baƙin kowane kebul, yarona yana kunnawa yana kashewa. Wanda mita ta yi ƙara a kansa idan an kunna, ta yi shiru idan an kashe, shi ne na makunni. Jajaye ukun suka koma haɗe su kaɗai, laif ɗin fanka ya hau wannan baƙar, nutiral ɗinta ya shiga cikin baƙaƙe biyun da suka rage, at ya tafi jikin ƙarfe. Idan wayarinka sabo ne, ruwan ƙasa da shuɗi za ka tarar, amma dabarar ɗaya ce. Kuma kada ka dogara da testar sukudireba kaɗai, takan yi haske ko a wayar da ke kwance kusa da mai wuta kawai.

Regileta, wato abin rage ko ƙara gudun fanka, tsakanin makunni da fanka take zama, a kan layin wuta. Kada ka sa abin rage hasken fitila a madadinta, gurnani fankar za ta riƙa yi tana zafi. In kuwa ta yi gurnani ba ta tashi sai an tura fiffike, duba kondensa, ɗan abin da ke taimaka mata tashi, galibi mai 2.5 µF ce. Ƙugiyar rataya kuma a jikin kankare ko katakon rufi, ba a allon silin ba.

Kafin ka kwance ko waya ɗaya, ɗauki hoton haɗin da wayarka ka turo min. In ka ga abin ya fi yadda na kwatanta maka yawa, kira mai gyaran wuta, ba zan yi maka dariya ba, ka san ba ni da bakin yi.

Ka gaida min yara da mamansu.

Naka har kullum.