Ga Masu Neman In Aiko Musu Da Irin Doraji Daga Koriya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah ka ba ni ɗan fili a jaridar nan mai farin jini in amsa wa 'yan'uwa masu son shuke-shuke, waɗanda ke ta roƙon in aiko musu da irin wata fure da ake kira doraji a nan Koriya ta Kudu. Masana tsirrai suna ce mata Platycodon grandiflorus, tana cikin dangin furanni masu siffar ƙararrawa, asalinta kuma Koriya da Sin da Japan da gabashin Rasha.

Gane ta ba wuya. Kafin ta buɗe, tohon furen yakan kumbura kamar balan-balan, yara ma har matsa shi suke yi ya fashe. In ya buɗe sai ya zama tauraro mai tsini 5, shuɗi mai ratsin jijiyoyi, wani kuma fari fat. Ganyenta na da zarto a gefe, ƙasansa ya fi samansa haske, in ka karya kara kuwa farin ruwa mai danƙo zai fito. Watannin Yuli da Agusta take fure.

Abin da nake so mutanenmu su sani shi ne, wannan shukar ƙasar sanyi ce. Da hunturu ya shigo, duk abin da ke saman ƙasa yakan bushe, saiwar kaɗai ke kwance a cikin ƙasa mai ƙanƙara tana hutawa, kuma da wannan hutun take samun ƙarfin sake tsirowa shekara bayan shekara. Kano da Sakkwato da Maraɗi ba su da irin wannan sanyi, hunturunmu bai kai nan ba. Wanda ke Jos ko tsaunin Mambilla ne nake ganin ya cancanci ya gwada sa'arsa. Shi ma ya bi ta hukumar NAQS, mai binciken tsirrai da dabbobin da ake shigowa da su Najeriya, ya nemi izinin shigo da iri, kada a cusa a jaka a wuce filin jirgi. Da haka cututtukan gona ke shiga ƙasa.

Ga 'yan'uwanmu mazauna nan da Ingila da Amurka kuwa, bismilla. Irin ƙanana ne baƙaƙe, a barbaɗa su a saman ƙasa a danna da tafin hannu, kada a binne, sai da haske suke tsira. Tana son rana da ƙasa mai yashi-yashi wadda ruwa ba ya kwanciya, domin damshi mai yawa ruɓar da saiwar yake yi. A zaɓi wurin tun farko, saiwarta doguwa ce mai saurin karyewa, ba ta son dashe.

Inda aka fi yin asara shi ne bayan hunturu. Doraji ba ta gaggawar fitowa. Sauran furanni duk sun yi kore, ita shiru, har ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu. Na ga wata maƙwabciyata, baƙuwa irina, ta kafa fartanya a wurin tana zaton ta mutu, ta fito da saiwa fara sol, mai rai, a datse biyu. Abin ya ba ni tausayi ƙwarai. Dattijuwar da ke da lambu kusa da nawa takan kafa sanda a gindin kowace shuka tun kaka, kuma ni ma haka nake yi.

Mutanen nan ba don ado kaɗai suke noma ta ba. Bayan shekara 2 zuwa 3 sai a tono saiwar, a fere, a tsattsaga sirara, a murje da gishiri a jiƙa don ɗacin ya ragu, sannan a soya da man riɗi. Tana cikin kayan lambun da ake ɗorawa a kan bibimbap, wato shinkafar da ake cakuɗawa da kayan lambu, ana kuma dafa ta lokacin Chuseok, bikin girbi na mutanen nan. Tsofaffi kan sha ta da zuma in tari ya kama su, amma tarin da ya daɗe, asibiti ya kamata a kai shi.

Mai son ɗanɗanawa daga gida, busasshiyar saiwar ake sayarwa a kasuwannin nan, ita ta fi dacewa ya nema a maimakon iri.

Wassalam,
Wata mai karanta jaridarku,
Daejeon, Koriya ta Kudu.