Zuwa ga Gwamnan Jahar Maraɗi: Mun ga hayaƙi, ina binciken?

Ranka ya daɗe, barka da aiki.

Kowace ranar 26 ga Yuni, ranar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta duniya, ana tara mu ƙarƙashin rumfa, a banka wa ƙwayoyin da OCRTIS, hukumar yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, da ƴan duwan suka kama wuta, a yi jawabin ceto matasa. Mu tafa, hayaƙi ya lafa, kowa ya kama gabansa. To waɗanda ba a kama ba fa, wa aka ɗora wa binciken ɓarnar da suke yi a jikin ƴaƴanmu?

Ɗan ƙanwata kabu-kabu yake yi. Watan jiya ya faɗo daga kan moto kusa da tasha, yana shure-shure, kumfa na fita a bakinsa. Jama'a suka ce iska ce, wata tsohuwa har ta fara yi masa tofi. Ni na laluba aljihunsa, na ciro ragowar katin tramol, an buga 225 a jiki. Wanda likita ke rubutawa miligiram 50 ne ko 100, kuma ba a wuce 400 a yini. Shi kuwa uku yake haɗiyewa kafin azahar, wai maganin gajiya. A tebur ya saya, gefen mai shayi, hannun yaron da ko sunan maganin bai iya karantawa ba.

Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ai ba a Yamai take ba, a garin nan take. Ku ba malamanta kuɗin aiki su ɗebo ƙwayoyin tebur a auna abin da ke ciki. Su bi littattafan asibiti su ƙirga mana masu farfaɗiya da taɓin hankali, da masu ciwon ƙoda, don iyayenmu mata na shan diklofenak kamar gyaɗa, ba wanda ya gaya musu yana cin ƙoda yana jawo gyambon ciki. Ga zaƙami da samari ke dafawa cikin shayi, yaro ya wuni yana hira da bango.

Tun 2018 Najeriya ta hana maganin tari mai kodin. Hanyar Ɗan Isa kuwa, wadda ta haɗa mu da Najeriya, kun fi ni saninta.

Don Allah, ranka ya daɗe, Yuni mai zuwa ku zo mana da alƙaluma unguwa-unguwa, ba ashana kaɗai ba. Yaron dai ya koma kan moto, kuma teburin na nan inda yake.

Wani kawu daga unguwar Bagalam, Maraɗi