Me Ya Kori 'Yan Kallo Daga Filin Ƙwallon Kwando Na Manyan Makarantu?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda 'yan kallo suke ƙaurace wa wasannin ƙwallon kwando na jami'o'i da kwalejoji. Na buga wannan wasa lokacin da nake ɗalibi, daga baya kuma na yi shekaru ina taimaka wa matasa da horo a nan Sakkwato, saboda haka abin da zan faɗa ganau nake a kansa, ba jiyau ba.

Kwanakin baya na halarci wani wasa tsakanin ɗaliban manyan makarantu guda biyu, a filin siminti, bayan sallar la'asar. Yaran sun yi wasa mai kyau, sun yi gumi, har an kai minti na ƙarshe ba a san wanda zai yi nasara ba, amma waɗanda suka zo kallo ba su kai 'yan wasan da ke zaune a benci yawa ba, kuma mafi yawansu abokan kwanan ɗakin 'yan wasan ne. A kan hanyata ta komawa gida na wuce wani gidan kallon ƙwallo, na tarar da shi cike maƙil, babura jere a ƙofa, janareto yana ta ruri, ɗalibai sun biya kuɗinsu suna ihu a kan wasan da ake bugawa a Ingila. Duk wanda ya ga waɗannan wurare biyu a yammaci guda zai yi saurin yanke hukunci cewa talabijin da wayar hannu su ne suka cinye mana 'yan kallo. Ni ma na daɗe ina faɗin haka, amma da na bi diddigin lamarin sai na ga cewa wannan amsa ta yi sauƙi da yawa, kuma tana ɓoye ainihin ciwon.

Ya dace mu fara duba Amurka, domin can ne mahaifar wasan, kuma a makaranta aka haife shi: James Naismith ya ƙirƙiro shi a shekarar 1891 a garin Springfield na jihar Massachusetts, domin ɗalibansa su sami abin motsa jiki a ƙarƙashin rufi lokacin tsananin sanyi. A yau jami'o'i sama da 350 ne suke fafatawa a rukunin farko na hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in ƙasar, kuma gasarsu ta watan Maris, wadda aka fara a 1939, tana tsayar da harkoki a ofisoshi da gidaje. Duk da wannan gata, ƙididdigar hukumar da kanta ta nuna cewa matsakaicin adadin masu shiga kallon wasannin maza ya yi ta raguwa kusan shekara bayan shekara tun daga ƙarshen shekarun 2000 har zuwa lokacin annobar korona. Ƙasar da ke da ɗakunan wasa masu na'urar ɗumama ɗaki da kujeru masu laushi ita ma tana kukan kujerun da babu kowa a kansu, don haka rashin kayan aiki kaɗai ba zai bayyana matsalar ba.

Masu sharhi a can suna ambaton tsadar tikiti, da kuɗin ajiye mota, da yadda gidajen talabijin suke tilasta a buga wasa da dare a tsakiyar mako domin ya dace da jadawalinsu, ko da ɗalibi yana da darasi da sassafe. Suna kuma ambaton wasannin farkon kaka, inda babbar jami'a take biyan ƙarama kuɗi ta zo ta sha kashi, wasan da kowa ya san sakamakonsa tun kafin alƙali ya hura usur. Duk waɗannan gaskiya ne. Amma a ganina babban dalilin shi ne ɗan kallo ya daina sanin wanda ya zo kallo. Tun daga shekarar 2006 dokar gasar ƙwararru ta NBA ta hana ɗaukar yaro kai tsaye daga sakandare, sai ya cika shekara 19, abin da ya sa fitattun matasa suke shiga jami'a su yi kaka guda tak su yi gaba. Sannan a 2021 aka sassauta dokar sauya makaranta, wadda a da take sa ɗan wasa ya zauna shekara guda ba ya buga gasa idan ya koma wata jami'a, kuma a shekarar ce aka halatta wa ɗalibai karɓar kuɗi a kan sunansu da hotonsu. Ba na ganin laifin yaran, domin shekaru da yawa jami'o'i suna tara dukiya da guminsu su kuwa ba su samun komai sai kuɗin karatu. Sai dai sakamakon shi ne mai goyon bayan makaranta yakan zo farkon kaka ya tarar da baƙin fuskoki sanye da rigar da ya sani, kuma kafin ya gama haddace sunayensu sun tattara nasu ya nasu sun koma wani wuri.

Haka aka yi wa tsofaffin gabar da ke jan jama'a. Jami'o'in Kansas da Missouri sun yi fiye da shekara ɗari suna karawa, amma da Missouri ta sauya ƙungiyar gasa a 2012 saboda kuɗin talabijin na ƙwallon ƙafar Amurka, sai karawar ta tsaya na kusan shekara goma. Jami'ar Syracuse ma ta bar tata ƙungiyar a 2013, ta rabu da Jami'ar Georgetown wadda ta daɗe tana zaman kishiyarta. Mutumin da kakansa ya kai mahaifinsa kallon wannan karawa, mahaifinsa kuma ya kai shi, ba zai kashe kuɗinsa da irin wannan ɗoki ba don ya kalli wasa da makarantar da ke nisan tafiyar awa uku a jirgin sama, wadda ba shi da wani tarihi da ita.

Abin da ya ƙara tabbatar mini da wannan fahimta shi ne abin da ya faru a ɓangaren mata. Caitlin Clark 'yar jihar Ayowa ce, ta shiga jami'ar jiharsu a 2020, ta zauna shekara huɗu cur, jama'a suna kallon girmanta daga kaka zuwa kaka har ta karya tarihin yawan maki na rukunin farko, maza da mata. A watan Oktoba na 2023 mutum 55,646 suka shiga filin ƙwallon ƙafar jami'ar domin kallon wasan sada zumunci kawai, kuma wasan ƙarshe na gasar mata ta 2024 ya fi na maza yawan masu kallo a talabijin. Talabijin ɗin da ake zargi da korar jama'a yana nan, wayar hannu ma tana nan, amma mutane suka yi tururuwa, saboda akwai wadda suka sani, suka shaƙu da ita, suke jin tasu ce.

Mu a ƙasar Hausa bai kamata wannan ya zama mana sabon darasi ba. Wanda ya taɓa shiga gidan dambe ya san cewa jama'a ba naushi kawai suke zuwa gani ba. Suna zuwa ne saboda wane daga ɓangaren Kudu zai sa zare da wane daga Arewa, ko Jamus, ko Guramada, kuma kowa ya san wanda ya kashe wani a bara da wanda yake neman ramuwa. Makaɗi yana kiran ɗan dambe da sunansa da na garinsu da na ubangidansa, ɗan damben ya fito ya yi kirari, tsikar jikin 'yan kallo ta tashi tun ba a kai hannu ba. Haka maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar suke cika fili duk shekara a gasar kokawa ta takobi, wadda jihohinsu takwas suke karɓar baƙuncinta bi da bi, har mu nan Sakkwato muna bin labarinta a rediyo, domin kowane ɗan kokawa yana ɗauke da sunan jiharsa a kansa. Waɗannan wasanni ba su da ɗakin sanyi, sau da yawa ma a ƙasa ake zama cikin ƙura, amma ba su taɓa kukan rashin jama'a ba.

To, wane ne ya san sunan kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon kwando ta makarantar da yake karatu? Na yi wannan tambaya ga ɗalibai da dama, kuma amsar da na fi samu ita ce dariya. Ɗalibin da zai lissafa maka 'yan wasan Arsenal ko Barcelona har da na benci bai san cewa wanda suke zama aji ɗaya da shi ne yake jefa wa makarantarsu ƙwallo a kwando ba. Ba laifinsa ba ne, domin babu wanda ya taɓa gabatar masa da shi. Ba a liƙa jadawalin wasanni a allon sanarwa, ba a faɗa a rediyo, sau da yawa ma ranar wasan ake sanin za a yi, idan motar baƙi ta samu mai.

Tushen wannan kuwa shi ne ba mu da kakar wasa tsayayya. Ƙungiyar wasannin jami'o'in Najeriya, NUGA, ta fara gasarta a Ibadan a 1966, amma tsarinta na biki ne: a taru a jami'a guda na 'yan kwanaki, a raba lambobi, a watse. Ko wannan ma ba ya zuwa a kan kari, domin bayan wanda aka yi a Makurɗi a 2017 sai a 2022 aka sake haɗuwa a Legas, ma'ana akwai ɗaliban da suka shiga jami'a suka fita ba su ga gasar ba ko sau ɗaya. Idan aka haɗa da yajin aikin malaman jami'o'i na kusan wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022, da yadda ake matse zangon karatu bayan kowane yajin aiki don a cike giɓi, sai a ga cewa ƙungiyar da koci ya sha wahalar haɗawa takan watse kafin ta buga wasa biyar tare. Sabo ake yi da kallo, kamar yadda ake sabo da cin kasuwar mako, kuma kasuwar da ba a san ranar cinta ba ba ta tara mutane.

A saman wannan akwai rikicin shugabancin hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa da ya ɓarke a 2017, wanda ya gurgunta gasar cikin gida na shekaru, har ya kai ga gwamnatin tarayya ta janye Najeriya daga wasannin duniya a 2022, matakin da ya sa 'yan matanmu na D'Tigress suka rasa gurbinsu a gasar cin kofin duniya ta Ostireliya duk da cewa an janye shi bayan 'yan makonni. Abin takaicin shi ne ƙasar nan ba ta rasa gwanaye ba. Hakeem Olajuwon daga Legas ya tafi Jami'ar Houston ya zama na farko da aka zaɓa cikin sababbin 'yan wasan NBA a 1984. Masai Ujiri, wanda ya jagoranci ƙungiyar Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019, a Zariya ya tashi. 'Yan wasan Najeriya maza sun ci kofin Afirka a 2015, mata kuma sun kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a wasannin Olamfik na 2024. Amma yawancin waɗannan taurari a makarantun waje suka yi suna, don haka ɗalibinmu ya koyi cewa ƙwallon kwando na gaske a allon waya ake ganinsa da ƙarfe ɗaya na dare, abin da ake yi a bayan ɗakin kwanansu kuwa motsa jiki ne kawai.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da garinmu. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, simintin fili yana riƙe zafi har faɗuwar rana, kuma tazarar da ke tsakanin la'asar da magariba ita ce kaɗai lokacin da za a iya wasa a filin da ba shi da rufi ko fitila. Ɗalibin da yake zaune cikin gari zai lissafa kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa kafin ya tsaya kallo. Ɗalibai mata, waɗanda suke da yawa a makarantunmu, ba a tanadar musu wurin zama na mutunci, saboda haka ko suna sha'awa sai su wuce. Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne ya fi dacewa da wannan wasa a wurinmu, amma sau da yawa a lokacin ne fili yake zaman banza.

Saboda haka ina kira ga shugabannin sashen wasanni na manyan makarantun jihar nan da ma'aikatar matasa da wasanni da su zauna su tsara gasa ta gida da waje tsakanin makarantun da ke cikin Sakkwato, daga baya a jawo na Birnin Kebbi da Gusau, a tsayar da rana guda a mako a lokacin hunturu wadda ba za ta motsa ba, a kafa rumfa da benci da fitila mai aiki da hasken rana, a keɓe wa mata wurinsu. Sannan a sami mai lasifika da zai riƙa kiran kowane ɗan wasa da sunansa da garinsu da sashen da yake karatu, a bar ɗalibai su zo da gangunansu. Ku ma 'yan jarida ina roƙonku, Malam Edita, ku ware ko da rabin shafi ne a mako ku riƙa buga sakamakon wasannin makarantu da hotunan yaran, ni kuma a shirye nake in riƙa aiko muku da rahoton duk wasan da na halarta ba tare da an biya ni ko sisi ba.

Na gode da wannan dama. Wassalam.

Naka,
Wani tsohon ɗan wasan ƙwallon kwando,
Sakkwato.